Tambayar wa muke ɗauke da ita?



Duk wanda ya taɓa bin gudro daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi da Cadawa, ya wuce Agiye ya sauka Gazawa, ya san abin da zan faɗa. Kusan kowane mashigin gari akwai allon ƙarfe a kafe, wani sabo fil, wani ya yi tsatsa har rubutun ya goge. A jikin allon akwai sunan furoje, da tutar ƙasar da ta ba da kuɗin, da shekarar da aka fara. Abin da allon ba ya nunawa shi ne yawan tambayoyin da mutanen garin suka amsa saboda shi. Kowane furoje da anketinsa yake zuwa: ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. An ƙirga ƴaƴanmu, an auna damtsensu da zaren nan mai ja da rawaya da tsanwa, an leƙa rumbunanmu, an tambayi iyayenmu mata sau nawa suka ci abinci jiya da abin da suka sa a miya. Akwai ƙauyukan da tsofaffi suka haddace tambayoyin, kana cikin karanta ta farko sai su ba ka amsar ta uku.

Kada a ɗauka raina wannan aiki nake. Jahar Maraɗi ta koya wa duniya abubuwa da yawa ta wannan hanya. A nan ne ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, yau ana yin irinsa a ƙasashe masu yawa. A nan ne manoma suka raya sassaben zamani tun shekarun 1980, wato barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake toho a cikin gona. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, har garin Ɗan Saga na gundumar Agiye ya zama wurin da baƙi ke zuwa ɗaukar darasi. Yunwar 2005 ta sa duniya ta ga cewa ana iya jinyar yara masu tamowa a gida, da abincin nan na leda da ake yi da gujiya da madara, ba sai an kwantar da kowa a asibiti ba. A Madarunfa kuma, cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada wani rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3500, aka buga sakamakon a 2017, yau ana amfani da shi a wasu ƙasashe. Duk wannan alheri ne, kuma da hannun ƴan ƙasa a ciki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matsayin da akasarinmu, ɗaliban wannan yanki, muke samu cikin aikin. Kowa ya san yadda abin yake. A rubuta tambayoyi a wani ofis mai nisa, a juya su zuwa Faransanci a Yamai, a tara mu kwana biyar a koya mana latsa tabilet, a zuba mu a mota. Mu ne za mu yi sallama a ƙofar gida, mu gaida maigari, mu mayar da tambayar Hausa yadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Da yamma a tura amsoshin ta intanet zuwa wata kwamfuta da ba za mu taɓa gani ba. Mu karɓi jikkunanmu, mu biya kuɗin ɗaki, mu sayi takardu. Bayan shekara biyu sakamakon ya fito da Turancin Ingilishi a wata mujalla, wani ya samu doktora da shi. Mutanen da suka amsa kuwa, shiru kake ji. Ƙafa tamu ce, baki namu ne, amma tambayar ta wani ce.

Na ga wannan ƙarara a kan maganar sida, shi ya sa na zaɓe ta.

Mutum huɗu cikin dubu

An gano mai sida na farko a Nijar a 1987. A 2002 cibiyar CERMES ta Yamai ta yi binciken ƙasa baki ɗaya, ta samu kusan mutum 9 cikin 1000 na ɗauke da ƙwayar a tsakanin manya. Babban binciken lafiyar iyali na 2006 ya samu mutum 7 cikin 1000, na 2012 ya samu mutum 4. In ka kwatanta da wasu ƙasashen kudancin Afirka, inda ake samun mutum ɗaya cikin biyar, sai ka yi hamdala. Daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai kaciya, wadda kusan kowane namiji a nan yake da ita. Bincike uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100.

Sai dai ƙaramin adadi yana da tasa fitinar. Inda cuta ta yi yawa, kowane gida ya taɓa gani, mai ita yana da abokin hira. Inda take huɗu cikin dubu, mai ita shi kaɗai ne a unguwarsu, wataƙila shi kaɗai ne a garinsu. Ba ya jin sunanta sai cikin ba'a: kanjamau, kabari kusa, ciwon zamani. Sunayen nan sun samo asali ne daga lokacin da babu magani. Tun 2004 ake ba da maganin a Nijar, kuma kyauta ne. Wanda ya riƙe shi kullum yana iya tsufa kamar kowa. Wani babban bincike na 2011 ya nuna cewa fara shan magani da wuri na rage yaɗa ƙwayar ga miji ko mata da kashi 96 cikin 100. Uwa mai ciki, in ba ta sha komi ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. In tana shan magani, abin na sauka ƙasa da 5. Ashe ilimi ya yi nisa, sunayen ne ba su motsa ba.

Ranar da aka juyo mini da tambaya

Wata shekara, lokacin hutu, na yi aikin anketi da wani furoje a ƙauyukan da ke kudu da gudro, wajen iyaka. Takardar ta shafi abinci da lafiyar yara, amma can ƙarshe akwai tambayoyi kaɗan a kan sida. Kin taɓa jin wata cuta da ake kira sida? Mutum mai kama da lafiyayye na iya zama da ita? Sauro na yaɗa ta? Ana ɗaukarta ta cin abinci tare? In aka amsa sai ka latsa e, ko a'a, ko ban sani ba.

A wani gida na zauna da wata dattijuwa a gindin bedi. Ta amsa duka daidai, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na rufe tabilet, na yi godiya, na fara neman takalmina. Sai ta dubi ƙofar gida, ta rage murya.

"Ɗana, ka gama naka?"

Na ce, "Na gama, Inna."

"To ni ma ina da tawa. Wagga cuta da ka tambaye ni, in mutum na son a duba jininshi ba tare da gari ya ji ba, ina za shi?"

Na koma na zauna. A hankali ta warware mini. Mijin ɗiyarta ya yi shekaru yana tafiya biɗa, ya dawo gida da tari da rama, ya rasu cikin damana. Ɗiyar ta gama takaba, tana da goyo, kuma har wani magidanci mai mata biyu ya aiko. Ita dattijuwar ta ji bayani a rediyo, ta haɗa wannan da wancan, barci ya ƙaurace mata. Ba ta faɗa wa ɗiyar ba, ba ta faɗa wa mijinta ba.

Na gaya mata abin da na sani: ana gwaji a gidan likita, ba ya ɗaukar lokaci, in an samu akwai magani kyauta, kuma ana iya kare jaririn. Ta ce ta san da gidan likitan, amma mai taimaka wa likita ɗan gidan wanda ya aiko ne. Na ce to akwai Tasawa, akwai Maraɗi. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu. Sannan ta ce:

"Kuɗɗin ana iya biɗa, in sai da akuya. Amma in ta tahi Maraɗi, mi za mu ce ma mutane ya kai ta?"

Ku duba da kyau. A cikin kwamfutar masu anketin, wannan mata nasara ce: ta ji sunan sida, ta san sauro ba ya yaɗa ta. An ƙirga ta cikin waɗanda wayar da kai ta kai gare su. Amma abin da ya tsaya tsakanin ɗiyarta da gwaji, tsakanin jikanta da kariya, tsakanin wancan magidanci da matansa biyu da haɗari, babu gurbinsa a takardar. Ba rashin sani ba ne ya hana ta. Sutura ce take nema, kuma ba wanda ya yi tunanin tambayarta nawa sutura ke ci.

Tun daga ranar nake tara irin waɗannan tambayoyi, waɗanda ba sa zuwa cikin mota.

Mutum nawa ne a Gazawa ko Agiye ke wuce asibitin da ke kusa da su, su tafi karɓar magani inda ba a san su ba? Nawa tafiyar ke cin su a wata, kuma a wane wata ne suke kasawa? Ni dai zatona lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya tsananta ne, amma zato ba bincike ba ne. Matasanmu da ke tafiya ci-rani Katsina da Kano da Legas, ko Agadas da Aljeriya da Libiya, in ɗayansu na shan magani, yaya yake yi da wata shida a waje? Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya saba karɓar nasa a tsallake, ina ya nufa? Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wanda ya gudo cikin dare ya bar katinsa da kwalbar maganinsa, wa zai fara faɗa wa a baƙon wuri? Ga kuma maganar aure. A wurinmu bazawara ba ta daɗewa a gida, aure na mutuwa ana sake wani. A Kano, hukumar Hisba ta daɗe tana sa a yi gwaji kafin auren zawarawa, kuma a 2024 jihar ta kafa dokar gwaji kafin kowane aure. Mu a nan, me limamanmu da iyayenmu ke gani game da hakan? In gwajin ya nuna akwai, wa ke ji, wa ke rufewa, ina yarinyar ke komawa?

Kowace ɗaya cikin waɗannan ta isa kundin mastar. Wasu sun isa doktora. Kuma babu wadda ke bukatar na'urar miliyoyi. Abin da suke bukata shi ne Hausa, da haƙuri, da iya zama a tabarma, da horo na ƙwarai.

Waɗanda suka yi tambayar gidansu

Da na faɗa wa wani yayanmu da ya riga mu gama karatu cewa a kan wannan nake son yin kundina, sai ya yi dariya. Ya ce, "Ƙanena, huɗu cikin dubu? Wa zai ba ka kuɗin mai? Ka duba inda furoje yake, ka ɗauki batunka a can. In ka gama su ɗauke ka aiki." Ba mugunta ya yi mini ba, gaskiyar da ya gani ya faɗa. Da yawanmu haka muke zaɓen batu: ba abin da ke damun garinmu ba, abin da ke da mota da kuɗin kwana.

Amma tarihin wannan cuta kansa ya nuna abin da ɗan ƙasa mai horo ke iya yi in ya bi tambayar gidansu. A 1983 aka gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Paris. Shekara biyu bayan haka, wani malamin Jami'ar Dakar, Souleymane Mboup, tare da masanan Harvard ta Amurka, suka lura cewa jinin wasu mata da ake dubawa a Senegal na nuna wata ƙwaya da ta yi kama da wadda aka sani amma ba ita ba ce. Wannan ne ya buɗe hanyar gane nau'i na biyu na ƙwayar, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Suka bi matan nan shekara da shekaru, suka nuna cewa nau'i na biyu ba ya saurin yaɗuwa kuma ba ya saurin kayar da mutum kamar na farko. Daga baya aka gane wasu magunguna, irin su nevirapine da efavirenz, ba sa aiki a kansa. Ka ga da ba a bambance ba, da an yi ta ba mutane maganin da ba ya yi musu komi. Senegal kuma ta zama cikin ƙasashen Afirka na farko da gwamnati ta fara shirin ba da magani, a 1998. Mboup ya yi aiki da baƙi, da kuɗin baƙi, amma ɗakin gwajin a Dakar yake, ɗaliban da ya horar ƴan Afirka ne.

Haka a Uganda. Likitocin Jami'ar Makerere, cikinsu akwai David Serwadda da Nelson Sewankambo, su ne suka bi labarin wata cuta mai ramar da mutane a yankin Rakai, suka rubuta a kanta a 1985. Ba su tsaya a nan ba, suka kafa aikin bincike a ƙauyukan, ana komawa gida-gida shekara bayan shekara. Ɗaya daga cikin binciken kaciya uku da na ambata a can aka yi shi. Rakai ƙauye ne, ba birni ba. Abin da ya bambanta shi da Gangara ko Saye Sabuwa shi ne an samu ƴan ƙasa da suka zauna, suka ce nan ne wurin aikinmu.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Akwai cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001, wadda masu bincikenta ke zama a asibitoci da ƙauyuka suna kallon yadda abubuwa ke gudana a zahiri, ba yadda aka rubuta a takarda ba. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 2003, kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya kamata duk mai son wannan fanni ya karanta shi. Kuma tun 2010 muna da jami'a a Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, da sashen likitanci da na noma. Daga ƙofarta zuwa Agiye ko Gidan Rumji tafiyar safiya ɗaya ce. Iyayenmu ba su samu wannan ba.

Na san abin da wani zai ce: masassarar cizon sauro da tamowa sun fi sida kashe yaranmu nesa ba kusa ba, me ya sa za mu ɓata ƙarfi? Gaskiya ne sun fi ta kisa, kuma dole a ci gaba da aiki a kansu. Amma wanda ya koyi binciken sida a wuri irin namu, ya koyi binciken duk wata cuta da kunya ke rufewa: tarin fuka, ciwon hanta wanda ya fi sida yawa a ƙasar nan, yoyon fitsari, taɓin hankali. Dukansu hanyarsu ɗaya: mai ciwo ya san asibiti, amma idon jama'a ya fi ciwon tsoratar da shi.

Ga kuma maganar kuɗi. Mafi yawan abin da ake kashewa kan sida a Nijar daga waje yake zuwa, musamman daga Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassara, wanda aka kafa a 2002, kuma Amurka ce ta fi kowa zuba masa kuɗi. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a waje, cikin watanni kaɗan aka rushe hukumar USAID. Mun ga motocin da suka daina zuwa, mun san waɗanda aikinsu ya tsaya. Darasin a fili yake. Mai ba da kuɗi na iya sauya ra'ayi cikin dare ɗaya, kuma in ya tafi yana tafiya da tambayoyinsa. Ranar da kuɗi suka ragu, ranar ce ƙasa ta fi bukatar wanda zai ce mata: ga inda mutane ke ɓacewa, ga watan da suke kasawa, sa ɗan abin da ya rage a nan. In ba mu horar da wannan mutum ba, wa za a tambaya?

Abin da nake nema daga karatun gaba da lisansi

Shekara biyu na mastar, uku na doktora, ba wasa ba ne ga ɗan talaka. In za mu ba da su, to mu fito da abin da ya fi takardar ratayawa a bango. Ni abu huɗu nake nema.

Na farko, iya ƙera tambaya. Ka ɗauki damuwar dattijuwar nan ka mayar da ita abin da za a iya bincika: su wa za a tambaya, mutum nawa, a ina, me za a kwatanta da me. Wannan sana'a ce kamar ƙira, sai an zauna gaban maƙeri.

Na biyu, lissafi. Mu daina gudun darasin ƙididdiga. Wanda bai iya sarrafa alƙaluma da kansa ba, kullum wani ne zai faɗa masa abin da alƙalumansa ke nufi. Kuma cutar da take huɗu cikin dubu tana da wuyar kamawa: in ka tambayi mutum 300 a kasuwa, da ƙyar ka samu ɗaya. Dole ka san wasu hanyoyin, kamar bin rajistar asibiti da izini, da aiki tare da ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, RENIP+, waɗanda suka fi kowane malami sanin inda takalmin ke matsa musu.

Na uku, amana. Ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi. Har yau ana biyan bashin wannan rashin yarda duk lokacin da aka zo da rigakafi. Saboda haka izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba takardar cika sharaɗi ba ce. A ƙauye kuwa abin ya fi haka laushi. A birni in ka cire suna ka rufa asiri. A garin da ke da gida 200, in ka rubuta "mace mai shekara 22, mijinta ya rasu bara, tana da goyo", ka riga ka faɗi sunanta. Ko zuwanka gidan sau biyu magana ce. Har ila yau, zama ɗan gari ba kullum yake taimako ba. Dattijuwar nan ta yi mini magana ne don ina jin Hausarta amma ban san dangin mijinta ba. Don haka shawarata ita ce mu yi musaya: ɗan Gazawa ya yi aikinsa a Gidan Rumji, ƴar Tsibiri ta yi nata a Agiye. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, amma ba mai haɗuwa da kai a wurin suna. Kuma ƴan uwanmu mata, wannan fage naku ne fiye da namu. Akwai maganar da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba ko ya shekara a tabarma.

Na huɗu, mayar da amsa gida. Mun saba ranar kare kundi a sa babbar riga, a ɗauki hoto, a ajiye kundin a kanta ƙura ta rufe shi. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To me zai hana kowane kundi da aka yi a kan mutanen jahar nan ya zo da shafi biyu na Hausa mai sauƙi, wanda za a iya karantawa a rediyon gari, a kai wa likitan gunduma, a kai wa limamai da ungozomomi da shugabannin Mata Masu Dubara? Ba sai an ambaci sunan ƙauye ba. A ce kawai: mun tambaya, ga abin da muka ji, ga abin da za a iya gyarawa. Wataƙila gyaran ƙarami ne. A haɗa ranar karɓar magani da ranar kasuwa, don mai zuwa ya samu abin faɗa. A riƙa ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku ko shida lokaci guda kafin ya tafi ci-rani. A daina ware ƙofa ɗaya da kowa ya san ta masu wace cuta ce. Amma kafin likitan gunduma ya sauya tsarinsa sai an kawo masa hujja, kuma hujja aikinmu ce.

Ba na cewa mu ƙi aikin anketi. Ni ma in an kira gobe zan je, ɗaki ba ya biyan kansa. Kuma a can ne muke koyon sallama da sauraro. Ba na cewa mu ƙi baƙi ko bursin karatu a waje. Wanda ya samu hanyar Dakar ko Zariya ko Faransa ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Abin da nake cewa shi ne ya tafi da tambaya a aljihunsa, kada ya je ya karɓo ta a can. In an zauna rabon aiki da abokan hulɗa, mu tambaya tun farko: wa zai riƙe alƙaluman, sunan wa zai fito, da wane harshe za a mayar wa mutane? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya hawa ya gyara, in ba haka ba saninsa bai hana shi jiƙewa ba.

Ku da za ku ajiye batun kundi bana, ina roƙonku abu ɗaya. Kafin ku buɗe jerin batutuwan da aka liƙa a allo, ku je gida hutun nan da ƙaramin littafi. Ku zauna a fada, ku zauna wurin masu daka, ku raka wani asibiti ku yi layi tare da shi. Ku rubuta tambayoyin da mutane ke yi muku in sun ga kun rufe takarda. In mun dawo mu haɗa su a zaman ƙungiya na farko, mu karanta wa juna, kowa ya ɗauki wadda zai iya. Waɗanda suka rage mu buga su a ɗan littafinmu na gaba, don ƙannenmu da ke tafe su tarar da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa karatunmu ya amfani waɗanda suka sayar da akuya don mu yi shi. Amin.